Madarar da ta gagare mu haɗiya

Makonni uku ke nan da faruwar abin, har yau bai bar mini rai ba. Muna zaune a taron nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, gardama ta ɓarke a kan zamanin ƙarshe: ko za a ɗauke masu bi kafin babban tsananin, ko sai bayansa, kuma wane ne mai lambar nan 666. Mun fi sa'a guda a kai. Murya ta tashi, har wasu suka fara nuna juna da yatsa. Da shugaban taro ya ga abin na neman wuce gona da iri, sai ya juya ga wani dattijo da tun zuwansa bai ce uffan ba, ya ce, "Baba, kai me ka gani?"

Dattijon ya gyara zama ya ce, "'Ya'yana, ni waɗannan sun fi ƙarfin kaina. Abin da na riƙe biyu ne. In ƙaunaci Allah, in ƙaunaci mutumin da ke kusa da ni. Su ma ban gama da su ba."

Wani saurayi mai karatu, wanda na san yana da himma ƙwarai, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai wannan madara ce, ta 'yan makarantar Lahadi. Mu abinci mai tauri muke nema." Aka yi dariya, ni ma na yi 'yar tawa. Sai da na kama hanyar gida kunya ta rufe ni.

Matsayina a fili yake: dattijon nan ne yake cin abinci mai tauri, mu ne muke tsotson madara. Kuma ina zargin cewa yawancin wuyar da muke ɗora wa bangaskiyarmu mafaka ce, wurin ɓuya daga umarni biyun nan da suka fi kowace gardama tsada.

Wa Bulus ya kira jarirai?

Maganar madara da saurayin ya yi daga Littafi ya ɗauko ta, don haka mu bi shi can. A 1 Korantiyawa sura 3, manzo Bulus ya gaya wa ikkilisiyar Koranti cewa madara ya ba su domin ba su isa cin abinci mai tauri ba. Mene ne shaidar ƙuruciyarsu? Bai ce sun kasa fassara wahayi ba. Ya ce akwai kishi da jayayya a tsakaninsu, wannan yana cewa shi na Bulus ne, wancan yana cewa shi na Afolos ne. Wato a wurin Bulus, ɓangaranci da cacar baki su ne alamar goyo. Abin da muke yi a daren nan ke nan, mu da muke ganin mun girma.

Wannan ikkilisiyar kuma ba jahilai ba ne. Tun a farkon wasiƙar Bulus ya shaida suna da yalwar magana da sani da baye-baye. Su ɗin ne dai ya gaya wa a sura 8 cewa sani yana kumbura mutum, ƙauna kuwa tana ginawa. Su ne kuma ya rubuta wa sura 13, wadda muka mayar ta karatun ranar ɗaurin aure, alhali tsawatarwa ce ga mutanen da ke kai junansu kotu suna kuma barin matalautansu da yunwa a wurin jibin Ubangiji.

Ibraniyawa sura 5 ma ta yi maganar madara. Can an ce abinci mai tauri na manya ne, waɗanda yau da gobe ta horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Horo ne na aikatawa. Mutum yana iya haddace sura ɗari bai taɓa shiga wannan horon ba.

Mai sauƙin faɗa ne kawai

Lokacin da wani masanin Attaura ya tambayi Yesu wane umarni ne mafi girma, tambaya ce ta gaske a cikin malamai. Daga baya malaman Yahudawa sun ƙidaya umarnan Attaura suka sami 613, guda 248 na "yi", 365 na "kada ka yi". A cikin wannan tarin, Yesu ya ciro biyu: ɗaya daga Maimaitawar Shari'a 6:5, ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka da ranka da ƙarfinka, ɗaya daga Littafin Firistoci 19:18, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. A Matiyu 22:40 ya ce dukan Attaura da annabawa a kan waɗannan biyu suke rataye.

Rataye. Kamar ƙofa a jikin ƙusoshinta. In ka cire su, sauran katakon yana nan, da kyansa da nauyinsa, amma ba ya buɗuwa ba ya rufuwa.

Wanda yake ganin wannan darasin yara ne, ya buɗe Littafin Firistoci 19 ya karanta ayoyin da suka zo kafin ta 18. Manomi kada ya girbe gonarsa har gefe-gefe, ya bar wa matalauci da baƙo kala. Kada lada na ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har safe. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Kada ka karkata shari'a don talaka ko don mai arziki. Kada ka yi yawon tsegumi. Kada ka riƙe ɗan'uwanka a zuci, ka gaya masa laifinsa a fuskarsa. Can gaba a aya ta 34 an ce baƙon da ke zaune a cikinku ma ku ƙaunace shi kamar kanku, sannan aka zo kan ma'auni na gaskiya.

Wannan ita ce ƙaunar da ake nufi, kuma babu daɗin baki a cikinta. Tana shiga aljihu. Tana shiga littafin albashin wanda yake maka aiki. Na san masu bi da ba sa fashin taron addu'a, amma mai yi musu aikin gida sai ta roƙa sau uku kafin a biya ta hakkinta. Na san wanda yake iya bayyana Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, har ka yi sha'awa, amma shekara huɗu ba ya magana da ƙanensa saboda gado. Ba ina jifan kowa ba ne, laifi tudu ne, kuma nawa zan zo kansa. Ina nuna cewa wanda ya ce umarni biyun nan sun yi masa sauƙi, ban yarda ya taɓa gwada su na mako guda ba.

Tambayar da muke fakewa da ita

A Luka sura 10, masanin Attaura ya ba da amsar da kansa, daidai ba kuskure. Yesu ya ce masa ya je ya yi haka zai rayu. Sai Luka ya ƙara wata 'yar magana da ta tona asirinmu duka: mutumin yana so ya baratar da kansa, sai ya ce, "To, wane ne maƙwabcina?"

Ka ga dabarar. An ba shi aiki, ya mai da shi muhawara. Muddin ba a gama tantance ma'anar "maƙwabci" ba, ba wanda zai ce ya makara wajen farawa. Mu ma haka muke yi, sai dai namu tambayoyin sun fi nasa ado.

Amsar Yesu labari ce a kan hanyar Urushalima zuwa Yariko, tafiyar kilomita kusan 27 cikin duwatsu da kwazazzabai, gangara mai tsanani wadda 'yan fashi suka saba tarewa. 'Yan fashi suka yi wa wani mutum duka suka bar shi kwance a hanya. Firist ya wuce, Balawe, wato mai hidima a Haikali, shi ma ya wuce. Su biyun sun fi kowa sanin Littafin Firistoci 19, wataƙila ma sun koyar da shi. Wanda ya tsaya Basamariye ne, mutumin da Bayahude yake ɗauka tauhidinsa gurɓatacce ne, wurin sujadarsa ma ba daidai ba. Kuma sura ɗaya kacal kafin nan, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, har almajiransa Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye su. Daga cikin waɗannan mutanen ne Yesu ya ɗauko gwarzon labarinsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lissafin. Mai da ruwan inabi daga guzurinsa. Dabbarsa, wato shi ya taka da ƙafa. Kwana guda na tafiyarsa ya tafi. Dinari biyu, ladan yini biyu na ma'aikaci a wancan zamani. Sannan alkawari ga mai masauki cewa duk abin da aka ƙara kashewa zai biya in ya dawo, bashin da bai san iyakarsa ba a kan mutumin da bai san sunansa ba. A ƙarshe Yesu ya juya tambayar: maimakon wane ne maƙwabcina, sai ya zama wane ne ya yi maƙwabtaka. Ba a bar wa masanin ƙofar fita ba.

"To, koyarwa ba ta da amfani ke nan?"

Wannan ce ƙorafi mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Wani zai ce in ka rage bangaskiya zuwa ƙauna, kowane mai ruɗi zai shigo ya ce shi ma ƙauna yake koyarwa. Gaskiya ne. Umarni na fari ma ya ce a ƙaunaci Allah da dukan hankali, ba a ce a ajiye shi a bakin ƙofar coci ba. Ba za ka ƙaunaci wanda ba ka sani ba. Shugabannin ikkilisiya da suka taru a Nikiya a shekara ta 325 don su tsai da magana a kan ko wane ne Yesu ba zaman banza suka yi ba, domin in Almasihu ba Allah ba ne, to gicciye ya zama wani labari dabam. Bulus da kansa ya ce akwai abin da yake na farko a muhimmanci: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku.

Don haka ban ce a rufe makarantun tauhidi ba. Abin da nake cewa shi ne ba kowace tambaya ce take da nauyi ɗaya ba, kuma Yesu ne ya fara faɗar haka. A Matiyu 23 ya ce wa Farisiyawa suna fitar da zakkar 'yan ganyayen ƙamshi, sun bar mafi nauyi a Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci. Suna tace sauro suna haɗiye raƙumi. Ranar dawowarsa kuwa, wadda muka ɓata dare a kanta, ya riga ya ce a Markus 13:32 ba wanda ya san ta, ko mala'iku.

Akwai kuma ikkilisiyar Afisa a Wahayi sura 2. An yaba musu: sun gwada manzannin ƙarya sun gane su, sun jure, ba su gaji ba. Duk wani mai tsaron koyarwa zai so a yi masa wannan shaidar. Amma aka ce sun bar ƙaunarsu ta fari, kuma in ba su tuba ba za a kawar da fitilarsu. Koyarwarsu daidai take, fitilar kuma tana gab da mutuwa.

"Wannan ai ceto ta wurin ayyuka ne"

A'a. Nan ba zan daɗe ba. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, sai aya ta 10 ta biyo baya nan take ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Muna ƙauna domin shi ya fara ƙaunarmu, in ji Yahaya. Itace ba ya rayuwa don ya yi 'ya'ya, yana 'ya'ya ne don yana da rai. Dattijon nan bai ce yana sayen sama da kirkinsa ba. Cewa ya yi bai gama ba, kuma wanda ya san bai gama ba shi ne ya fi kowa sanin yana bukatar alheri.

"Wanda ba Kirista ba ma yana da kirki"

Ƙwarai kuwa, sau da yawa ma ya fi mu. Wannan bai kamata ya dame mu ba, ya kamata ya kunyata mu. Yesu ya ce in kuna ƙaunar masu ƙaunarku kaɗai, wane lada gare ku, ai masu karɓar haraji ma suna yin haka. Inda ya ja layin shi ne maƙiyi: ku ƙaunace shi, ku yi addu'a domin mai tsananta muku. Nan ne madarar take tsaya wa mutum a wuya.

Tarihi ya nuna lokutan da masu bi suka haɗiye ta. A annobar da ta ratsa daular Rum wajen shekara ta 250 zuwa 260, Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta yadda Kiristoci da yawa suka tsaya jinyar marasa lafiya lokacin da wasu ke gudu, har suka kamu suka mutu. Bayan kusan shekara ɗari, a 362, Sarki Yuliyan, wanda ya bar addinin Kirista yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar allolin Rum, ya rubuta wa wani babban firist nasa a Galatiya yana kuka cewa abin kunya ne "Galilawan" nan suna ciyar da matalautansu har da na arna. Maƙiyinsu ne ya ba da wannan shaida. Bai yi kukan sun fi shi iya muhawara ba.

Ina tambayar kaina, in wanda ba ya son mu zai rubuta ƙorafi a kanmu yau, me zai ce mun yi masa yawa da shi? Ƙarar lasifika, wataƙila.

"Za a mai da kai wawa"

Za a mai da kai, wani lokaci. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo godiya. Ya wanke ƙafafun Yahuza a daren da ya san zai bashe shi. Wanda yake so ya yi ƙauna ba tare da an taɓa cin amanarsa ba, sai dai ya haƙura da ita.

Amma ƙauna ba sakarci ba ce. Bulus ya ce wa Tasalonikawa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ba wa mashayi kuɗi a hannu kullum na iya zama hanya mafi sauƙi ta rabuwa da shi, alhali ƙauna tana bukatar ka zauna da shi, ka faɗa masa abin da ba ya so ya ji, ka raka shi inda za a taimake shi. Matar da ake duka a gida kuma, duk wanda ya ce mata ƙaunar Kirista ita ce ta koma ta yi shiru, ya yi wa Littafi ƙarya. Ka tuna ayar da ta zo daf kafin "ka ƙaunaci maƙwabcinka" ita ce wadda ta ce ka tsawata masa a fili. Ƙaunar mai zalunci ta haɗa da hana shi zaluncin.

Rabin da masu kirki suke mantawa

Akwai wani kuskure ta ɗaya gefen, kuma masu ra'ayi irin nawa ne suka fi faɗawa ciki. Mu riƙe maƙwabci mu saki Allah, bangaskiya ta koma ƙungiyar agaji mai waƙoƙi. Luka kamar ya hango wannan, domin da ya gama labarin Basamariye, abin da ya biyo baya kai tsaye shi ne gidan Marta da Maryamu, inda mai hidima ta sha gyara, mai zama a ƙafafun Yesu ta sha yabo. Bayan wannan kuma sai addu'ar Ubangiji. Ka tashi ka yi, ka zauna ka ji, ka durƙusa ka roƙa, a jere.

Na ga masu hidima da suka ƙone. Sun yi shekaru suna ɗawainiya da mutane, ba sa addu'a sai ta buɗe taro, a ƙarshe suka zama masu ɗaci, suna lissafin wanda bai gode ba. Rijiyar da ake ɗiba ba ta samun ɓuɓɓuga, laka za ta koma bayarwa.

Ƙaunar Allah ma ba ta bukatar kayan aiki masu yawa. Yesu ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, kada ka yi ta maimaita kalmomi kamar masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su. Shi ya sa nake jin zafi in na ga ana sayar wa mutane matakai bakwai na buɗe sama, ko wani mai na musamman, ko addu'ar da sai wane ne kaɗai ya san sirrinta. Bangaskiya mai wuyar ganewa tana da riba ga mai fassara ta. A sura ɗaya da babban umarni, Markus 12, Yesu ya yi kashedi da malamai masu cinye gidajen gwauraye suna rufewa da dogayen addu'o'i, sannan ya zauna ya nuna wata gwauruwa da ta jefa 'yan tsabar kuɗi biyu, ya ce ta fi kowa bayarwa.

Yahaya ya ɗaure biyun wuri ɗaya yadda ba za su kwance ba: wanda ya ce yana ƙaunar Allah yana kuwa ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne, domin wanda bai ƙaunaci wanda yake gani ba, ba zai iya ƙaunar wanda bai gani ba.

Wannan ayar ce ta hana ni barci bayan taron nan. Akwai wani da muka yi shekara goma muna zumunci, na ranta masa kuɗi a lokacin da ya shiga matsi, bai biya ba, bai kuma ce komai ba. Wata goma sha huɗu ke nan in na hango shi sai in canza hanya. A cikin watannin nan na jagoranci nazari a kan gafara sau biyu, kuma an ce na yi kyau.

Ranar Asabar da ta wuce na je gidansa. Ban je da jawabi ba, don duk wanda na shirya a hanya sai in ji ƙararsa nake shigarwa. Ya buɗe ƙofa ya tsaya yana kallona. Muka gaisa a tsaye, na tambayi iyali, ya ce ƙaramar 'yarsa ta yi wata biyu tana jinya, abin da ban sani ba sam. Bai ambaci kuɗin ba, ni ma ban ambata ba, kuma ba zan ce zuciyata ta sake su ba tukuna. Minti goma na yi na fito. Ya ce ranar Talata za su koma asibiti da yarinyar, ba su da abin hawa, na ce zan zo da bakwai na safe.